Furen Balagande a Cikin Toka

Wutar ta taso ne da yamma daga dajin bayan gari. Ta bi busasshiyar ciyawa, ta tsallake shingen lambun mangwaro, ta cinye fiye da rabin bishiyoyin, ta haɗa da bukkar mai gadi. Tsohon yana ciki. Ƙafarsa ɗaya ta daɗe ba ta takuwa sosai, kuma ya saba kishingiɗa bayan cin abincin rana. Da aka shawo kan wutar, a bakin ƙofa aka same shi, sandarsa a hannu.

Kafin a binne shi gari ya riga ya yanke hukunci: Mai Gawayi ne. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin, ramin gawayinsa yana gefen dajin, kuma an taɓa jin suna cacar baki da marigayin a kan wani reshe da ya sare. Ba wanda ya ga ya kunna komai, ba kuma wanda ya tsaya neman wanda ya gani. Suka je suka rushe masa rami, suka karya masa hannun dama. Ba don Sajan na 'yan sanda ya iso ya ɗauke shi ba, da gawa biyu za a binne. Cikin masu dukan har da waɗanda ba su taɓa gai da mai gadin ba yana raye.

Mai Sawu ba ya gari a lokacin. Ya bi wasu shanu da aka sace zuwa nesa, bai dawo ba sai bayan makonni. Dogon mutum ne marar yawan magana, wanda ya tashi yana bin mahaifiyarsa daji, don sana'arta sayar da saiwoyi da ganyen magani ce. A wajenta ya koyi kallon ƙasa. Ko jakarsa bai gama saukewa ba Sajan ya aiko a kira shi.

Sajan ya gaya masa cewa maganar tana dab da zuwa gaban alƙali, shaidu sun cika ofis, kuma abin da ke damunsa ke nan. Duk bakinsu ɗaya, amma da ya tambaya wa ya gani da idonsa, sai kowa ya waiwayi na kusa da shi.

"Mutum nawa suka tattake wurin?" in ji Mai Sawu.

"Duk gari. Har da masu tallar ruwa."

"To sawun me zan bi?"

"Da na sani da ban kira ka ba."

Aka kai shi ɗakin da aka tsare Mai Gawayi. Yana zaune a kan buhu, hannun a ɗaure da karan ɗori, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Bai musanta faɗan ba. Ya ce tsohon ya kira shi akuya, shi kuma ya rama da abin da ya fi haka muni, amma washegari tsohon ya zo neman garwashin dafa shayi, ya ba shi, suka sha tare. Ya ce ranar gobarar raminsa a toshe yake da ƙasa, ko hayaƙi ba ya fita, kuma shi da wuta yake cin abinci, ya san abin da take yi idan aka sake ta. Da Mai Sawu ya tashi zai fita, sai mutumin ya tambaye shi ko yana ganin hannun zai sake riƙe gatari. Mai Sawu ya dubi yatsun, ya juya ya fita. Ba ya ƙarya, ko ta lallashi.

Daga nan gidan ƙanwarsa ya wuce, don tun da matarsa ta rasu a can yake cin abinci. Auta ake ce mata, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, su biyu kuma suka rage. Mijinta tela ne, amma keken ɗinkin ya daɗe a lulluɓe da tsohon zane a lungun ɗaki. Ciwon shawara ya kwantar da shi. Idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, asibiti sun sallamo shi da ƙwayoyi da 'yan kalamai masu daɗi. Bakinsa ne kaɗai ciwon bai taɓa ba. Da ya ji aikin da aka ba surukinsa, ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu a tokar nan sai dai ya kamo musu ƙadangare ya kai gaban alƙali. Ya kuma kai ƙarar matarsa, wai kwanan nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta zauna a kansa kamar wadda aka ba ajiyarsa.

Auta ta ajiye kwano a gaban yayanta. Ta rame ƙwarai. Ta ce da ya huta, tafiyar da ya yi ba kaɗan ba ce, aikin hukuma a bar wa hukuma. Ya ce mutum na can da karyayyen hannu. Ta ce haka ne, ta koma kicin.

Da safe ya shiga ƙonannen dajin. Mai Lambu ya biyo shi ba tare da an gayyace shi ba, yana ta lissafa bishiyoyin da ya yi asara, yana cewa ɓata lokaci kawai ake yi, a kai mutumin nan inda ya dace. Sai can ya tuna ya ambaci mai gadin.

Wanda bai san daji ba, idan ya ga inda wuta ta ci, baƙi kawai yake gani. Mai Sawu ya san ba haka ba ne. Ƙasa ba ta jiran ruwan sama kafin ta farfaɗo. Gamba ta riga ta turo toho daga tsakiyar ƙonannun gindinta, tsawon ɗan yatsa. Tofa ta fito da tsini kamar allura. A gindin kalgo sabon ganye ya ɓullo ja-ja, mai laushi, a naɗe kamar kunnen jariri. Sabara ta fara yin fari-fari a ƙasa. Ko'ina kuma, a kan tokar kanta, ga furen balagande, rawaya shar, ba ganye ba reshe, kamar wani ne ya bi ya ajiye su. Haka take. Duk rani tana ɓoye a ƙarƙashin ciyawa ba mai ganinta, sai wuta ta wuce sannan ta nuna inda take.

Ya fara da ramin gawayin. Ya duba kututturan da ke kewaye, ya ga gefen da wuta ta fi ci, ya duba yadda ƙonannun karare suka kwanta. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya gaya wa Mai Lambu cewa wutar ba daga ramin ta fita ba, zuwa ta yi ta same shi. Daga wajen kwazazzabo ta taso, can ƙasa.

Mai Lambu bai ji kunya ba ko kaɗan. Nan take ya ce to Makiyayi ne, ai a kwazazzabon yake kiwo, kuma kowa ya san makiyaya na sa wuta don shanunsu su sami ɗanyar ciyawa. Da ma, in ji shi, tun farko ransa bai kwanta da mutumin ba. Mutane irin Mai Lambu ba sa rasa wanda za su nuna.

Mai Sawu ya sami Makiyayi a ƙarƙashin wata tsamiya da wutar ta bari. Sun san juna, don ya taɓa nemo masa maraƙi. Makiyayi bai ɓoye ba cewa yakan sa wuta wasu shekarun, amma da farkon rani, tun ciyawa na da sauran danshi. Ya ce wanda zai kunna wuta a tsakiyar rani ya ƙone abincin shanunsa gaba ɗaya, a ɗaure shi a kai shi asibitin mahaukata, ba gaban alƙali ba. Ranar ma yana kasuwar dabbobi, dillalai sun gan shi, har sun cuce shi.

Sai da Mai Sawu ya juya zai tafi Makiyayi ya ƙara da wata magana. Ya ce tun kafin gobarar shanunsa sun riƙa zillewa zuwa bakin kwazazzabon, da ya bi su sai ya tarar da ɗan wuri a ƙone, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ɗanyar ciyawa ta fito. Daga baya ya ga wani a gaba. Ya ɗauka masu farautar gafiya ne.

Wuraren ba su yi wuyar samu ba ga wanda ya san abin da yake nema. A cikin baƙin filin akwai wasu 'yan tsibirai da babbar wutar ta kewaye ta wuce, don ba ta sami abin ci a cikinsu ba. A na farko gamba ta kai gwiwa inda shanu ba su taɓa ba, tofa ta yi farin kai, ganyen kalgo ya bar ja ya koma kore ya yi tauri. Balaganden da ke ciki ta daɗe da zubar da fure, 'ya'yanta sun bushe sun fashe, audugar ciki na bin iska. A na biyu 'ya'yan ɗanyu ne, kore, ba su fashe ba. Ke nan an ƙone na farkon da daɗewa, aka dawo aka ƙone na biyun, kowanne an share masa da'ira da fartanya kafin a kunna. Gaba kaɗan ya sami da'ira ta uku. Ba a gama share ta ba, ta gefen da ke kallon lambun an bar ciyawa a haɗe. A cikinta balagande fure take yi, daidai da sauran dajin. Nan wutar ta kuɓuce.

Ba masu gafiya ba ne, don babu ramin gafiya ko ɗaya a wurin. Abin da ya gani shi ne gurabe a cikin tsibiran biyu inda aka tona ƙasa aka mayar. Wani ne ke ƙona ciyawa don balagande ta yi fure ta nuna kanta, ya dawo ya tone saiwar.

Saiwar balagande abu biyu ake yi da ita, rini da magani. Ya fara da rini, wataƙila don ya fi sauƙi a zuciya. Marinin garin tsoho ne mai ƙiba, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Da ya ji tambayar sai ya kira matarsa ta zo ta ji abin dariya. Ya ce shi da wannan tumbin ne zai tsuguna a daji yana tono? Ya jawo gwangwanaye daga ƙarƙashin tebur ya nuna masa garin rini na kanti, ja da rawaya da kore. Ya ce rabonsa da saiwa tun yana yaron shago, kuma duk garin in akwai wanda ya san inda balagande take kwana, to 'ya'yan mai maganin nan ne, Allah ya jiƙanta. Da wasa ya faɗa. Mai Sawu ya yi masa sallama bai yi dariya ba.

Ya koma kwazazzabon shi kaɗai da rana tsaka. Ya durƙusa a kan ɗaya daga cikin guraben, ya sa hannu ya riƙa janye ƙasar a hankali. Da farko ya ci karo da ɗan faffaɗan dutse a kwance. Ya ɗaga shi. A ƙarƙashi ga kan saiwar nan an mayar da shi mazauninsa. Ba a tumɓuke ta duka ba, gefe ɗaya aka yanka a karkace, aka shafe yankan da toka don kada ya ruɓe, aka rufe, aka ɗora dutse saboda kofaton dabbobi. Ya buɗe na biyu, haka. Na uku, haka.

Masu tonon magani tumɓukewa suke yi su yi gaba. Mahaifiyarsa ce kaɗai ya sani tana wannan wahalar. Takan ce ba za ta kashe abin da ya ba ta magani ba, kuma takan ƙwanƙwashi kan duk wanda ya manta dutsen a cikinsu. Mutum biyu ta koya wa.

Ya mayar da ƙasar, ya ɗora dutsen yadda ya same shi. Ya zauna a wurin har inuwa ta juya. Ba wanda ya gan shi. Da zai tashi ya je ya ce wa Sajan wuta daga kwazazzabo ta taso amma bai san mai kunnawa ba, da an saki Mai Gawayi ko ba jima ko ba daɗe, a rufe magana. Ya auna wannan, ya daɗe yana aunawa. Amma ya san garinsu. Idan aka saki mutumin ba tare da an nuna wani ba, ba zai ƙara kwana lafiya a garin ba, in kuma ya tsira to Makiyayi ne zai biya.

Ya tarar da Tela yana barci, Auta na wanke zannuwan gadonsa a tsakar gida. Bai zauna ba. Ya ciro furen balagande ɗaya daga aljihu ya ajiye a bakin bahon. Ta dube shi, hannuwanta suka tsaya a cikin ruwan.

"Kin sa dutsen," ya ce. "Ko ɗaya ba ki manta ba."

Ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsame hannu ta goge a zaninta. Ta ce tun ranar da ta ji ya dawo ta san zai zo mata da wannan.

Ya gaya mata ya biya wajen Sajan, zai tara mutane gobe da hantsi a rumfar lambun, kuma zai faɗi abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. Ya fi so ta riga shi.

"Yaya, wa zai juya shi? Ba ya iya tashi shi kaɗai. Ba ya yarda kowa ya ga jikinsa sai ni."

"Wancan ma da ke tsare ba ya iya ɗaura wandonsa shi kaɗai."

Ta sunkuyar da kai. Ranar bai ci abinci a gidan ba, bai ci a ko'ina ba.

Rumfar ta cika tun kafin hantsi. Sajan ya zaunar da Mai Gawayi a benci, Makiyayi a gefensa, Marini ma an kira shi yana ta fifita da hularsa. 'Yar marigayin, matar aure mai goyo, tana zaune a gaba. Mai Lambu ya kawo wa kansa kujera. Mai Sawu ya duba ɓangaren mata, bai ga Auta ba.

Ya ajiye abu uku a kan tebur: fure, ɗanyen ɗan balagande, da busasshe wanda ya fashe. Ya yi bayani a taƙaice, yadda kowanne ke nuna daɗewar wuta a wuri, da yadda ya bi su har da'irar da ba a gama sharewa ba. Ya ce ramin gawayi ba ruwansa, wuta zuwa ta yi ta same shi. Makiyayi yana kasuwa. Marini ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai iya tsugunon ba. Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Sannan ya faɗi abin da ya tarar a ƙarƙashin duwatsun.

Mai Lambu ya ce ba darasin ciyawa suka zo ji ba, a faɗi suna.

Mai Sawu ya sake duban ɓangaren mata. Ya ce, "Mutum biyu ne a garin nan suke tono haka. Ɗaya ni ne, ni kuma ba na gari."

"Ɗayar ni ce."

Daga bayan rumfar muryar ta fito, inda ta tsaya a jikin wata ƙonanniyar bishiya. Aka dare mata ta shigo. Ta tsaya a gaban teburin ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba. Ta ce da asibiti suka sallamo mijinta sai ta tuna saiwar da mahaifiyarsu ke ba masu shawara. Ta ƙone wuri na farko da sassafe, lokacin da raɓa ke ƙasa kuma iska ba ta tashi ba, yadda aka koya mata. Na biyu ma haka. Ta tono saiwar ta ba mijin ya sha, kamar ya ji dama. Daga baya jikin ya rikice, safiya ta zama lokacin da ya fi wahala, ba ta iya barinsa sai da rana in barci ya ɗauke shi. Ranar ta fita tana sauri, ta share rabin da'ira, ta ga lokaci na tafiya, ta kunna. Iska ta juya. Ta yi ta dukan wutar da reshe har gefen zaninta ya kama. Sai ta gudu. Ta ɗauka wutar za ta tsaya a hanyar da ke bakin shinge. Ba ta tuna da tsohon ba sai da ta ji ana salati.

Har nan mutane suna iya cewa tsautsayi, kuma tsautsayin ne. Abin da ya biyo baya ba tsautsayi ba ne, ita ma ba ta kira shi haka ba. Ta ce tana tsakar gida ta ji ihun mutane sun nufi ramin gawayi, ta san abin da za su yi, ta rufe ƙofa.

Mai Gawayi ya ɗago kai. A hankali ya yi tambayar, kamar mai son sani kawai.

"Baiwar Allah, da sun kashe ni fa?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ina jin da na ci gaba da yin shiru."

'Yar marigayin ba ta yi zagi ba. Ta ce kawai ta tuna Auta ce ta yini tana ɗebo musu ruwa ranar zaman makoki, har ta yi ta sa mata albarka. Ta gyara goyonta ta fita.

Sai ga hayaniya ta fara tashi daga baya, daga bakunan nan dai da suka yi ta farko. Sajan ya miƙe ya ce madalla da suka taru, don maganar hannun da aka karya ma tana gabansa, kuma yana so duk wanda ya je ramin gawayi ranar ya tsaya a yi magana. Kafin ya rufe baki rumfar ta yi rabi. Mai Lambu ya tuna yana da baƙi a gida. Cikin duk waɗanda suka rage ba wanda ya matsa kusa da Mai Gawayi ya ce masa yi haƙuri. Makiyayi ne ya kama shi ya tashe shi, ya rataya masa rigarsa a kafaɗa.

Da za a tafi da Auta, ta tsaya a gaban yayanta. Ba ta yi masa kallon zargi ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gaya masa inda ƙwayoyin suke, ta ce ruwan wankan kada ya yi zafi, kuma a riƙa sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafafu saboda kumburin.

Ya sami Tela ido biyu, yana kallon rufin ɗaki. Yau babu wasa a bakinsa. Mai Sawu ya jawo kujerar ɗinki ya zauna, yana neman ta inda zai fara.

"Ta faɗa?" in ji Tela.

Mai Sawu ya dube shi.

"Ta faɗa."

"Me ta ce game da ni?"

"Ta ce kana barci."

Tela ya rufe ido. Da ya buɗe baki muryar ta yi ƙasa. Ya ce ba barci yake yi ba. Ranar ta leƙa waje ta dawo ta ce iska ta yi yawa, a bari sai an sami safiya. Shi ne ya ce mata jikinsa ba zai jira iska ba, in ta gaji da jinyarsa ta faɗa masa kawai. Ta ɗauki fartanya ta fita. Da ta dawo yana jin ƙaurin zaninta, ya juya fuska bango. Ihun mutanen ma ya ji shi, daga kan gadon nan.

"Ka gaya wa Sajan, Yaya. Ka ce ni na tura ta."

"Zan gaya masa."

"Zai rage mata?"

Mai Sawu ya tashi ya shiga kicin, ya hura wuta, ya ɗora ruwa. Da ya yi ɗumi ya taɓa da bayan hannu, ya sirka, ya ɗauko baho da tsumma ya dawo ɗakin. Tela ya ja mayafi ya rufe kumburarren cikinsa, ya ce a bari, zai jira ta.

"Ba yau za ta dawo ba," in ji Mai Sawu. Ya durƙusa a bakin gadon ya matse tsumman. "Ɗaga hannunka."